Kaskar Ƙudan Zuma: Yadda Ake Maganinta Ba Tare da Ɓata Zuma Ba

Wane irin ƙwaro ne wannan?

Sunansa Varroa, ja-ja ne mai faɗin kusan milimita 1.5. Daga Asiya ya bazu, ya isa Amurka a 1987, Afirka ta Kudu kuma a 1997. Yana hayayyafa a cikin ramukan saƙa da aka rufe da tsutsa a ciki, yana cin kitsen jikin ƙuda, yana kuma yaɗa cutar da ke nakasa fukafukai.

Da zarar mai kiwo a Daura ya gan shi, sai ya sa magani?

A'a, sai ya fara ƙirgawa, domin ƙudan zuman Afirka ya fi na Turai jure wannan kaska. A ɗebi rabin kofi na ƙuda, wato kimanin 300, a zuba a kwalba mai murfin raga tare da babban cokali 2 na niƙaƙƙen sukari, a jujjuya na minti ɗaya, sannan a zazzage sukarin a kan farin faranti. Idan kaskar da ta faɗo ba ta kai 9 ba, wato 3 cikin 100, babu gaggawa.

Me ke gurɓata zumar?

Mafi muni shi ne fiya-fiya da maganin wankan kaskar shanu, waɗanda bai kamata su kusanci amya ba ko kaɗan. Gaskiya ne sinadarin amitraz da ke cikin wasu magungunan shanu shi ne a cikin Apivar, wato maganin kaskar ƙudan zuma da ake ratayawa a cikin amya, amma na Apivar an auna shi ne domin ƙuda, kuma sai an cire zumar sha ake rataya shi. Fluvalinate da coumaphos kuwa, wasu sinadaran kashe kaskar, narkewa suke a cikin kaki, su yi shekaru a can.

To, wanne ya fi aminci?

Asid ɗin oxalic, wanda dama akwai ɗan kaɗan nasa a zuma, amma ba ya ratsa rufaffun ramuka, saboda haka sai lokacin da tsutsa ta yi ƙaranci yake aiki sosai, kuma dole ne a sa safar hannu da takunkumi. Asid ɗin formic yana ratsa su, sai dai idan zafi ya wuce digiri 29 yana iya kashe sarauniya, alhali bazarar Katsina tana haura 40. Wani maganin kuma mai suna thymol yana barin ƙamshinsa a zuma.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar magani?

Akwai. Kaskar ta fi son ramukan tsutsar maza, don haka idan ƙudan zuma ya rufe su sai a yanke wannan saƙar a fitar. Wannan yana da sauƙi a akwati mai sanduna, amma a amyar ciyawa da ke rataye a kan gawo yana da wuya.