Baba Fasto ma yana buƙatar awon jini

Duk wanda ke maƙwabtaka da gidan fasto ya san ƙofar nan ba ta hutawa. Da asuba addu'ar safe, da hantsi jana'iza a ƙauye, da yamma sasanta miji da mata, tsakar dare kuma waya ta yi ƙara an kwantar da wani a asibiti. Kowa ya zo ya sauke nasa kayan ya tafi. Shi kuwa da wuya a sami mai tambayarsa yaya ƙarfin jiki.

Mu ma'aikatan lafiya mu ke ganin inda abin ke ƙarewa. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai tsaya kan bagadi ya yi wa'azi da murya garau, alhali awon jininsa ya haura 140/90, inda hawan jini ke farawa, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Awon kuwa bai kai minti biyar ba. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Mai ciwon suga kuma kada ya shiga dogon azumi sai ya nemi shawarar likita, domin suga na iya faɗuwa har mutum ya suma.

Akwai kuma ciwon da ba ya fitowa a awo. A 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) a Kwarhi, jihar Adamawa, a 2020 aka sace ɗalibai daga makarantar horar da limaman Katolika a Kakau, kusa da Kaduna. Fastoci da yawa sun binne 'yan ikkilisiyarsu, suka koma wa'azi ran Lahadi ba tare da sun sami wanda za su yi wa kuka ba. Rashin barci, firgita, saurin fushi, da baƙin cikin da ya wuce mako biyu, ciwo ne mai magani, ba raunin bangaskiya ba. Annabi Iliya ma da ya gaji har ya roƙi mutuwa, abinci da barci aka fara ba shi.

Ɗaliban tauhidi a Bukuru ko Kagoro, ku saba da hutu da motsa jiki tun yanzu, ku kuma riƙe aboki guda da za ku iya buɗe wa ciki.

Dattawan ikkilisiya, ku sa kuɗin asibitin fasto da iyalinsa cikin kasafi, ku ware masa rana ɗaya a mako da ba mai buga ƙofa sai da gaggawa. Zumuntar mata za ta iya haɗa kuɗi ta sayi na'urar awon jini. In an zo awon, a fara da Mama matar fasto, don rabin kayan nan a kanta yake.