Waiwaye: injin da ake cewa yana ba da wuta daga ruwa

Tun da bidiyon nan na injin da ake cewa yana ba da wuta daga ruwa, ana nuna shi yana fitar da tururi, ya shigo guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp musu ya ƙi ƙarewa, daga Gadarif har Mai Wurno, wasu na cewa a haɗa kuɗi a yi odar injin, wasu na cewa a bi a hankali. Ni ban ga laifin mai ɗoki ba wallahi, mutumin da kahraba ta ƙaurace wa gidansa ga batirin sola ya gagari aljihu, komai aka nuna masa zai kama.

Amma maganar ta tsufa fa. Ranar 23 ga Maris 1989 Martin Fleischmann da Stanley Pons suka sanar a Jami'ar Utah ta Amurka cewa sun samu irin haɗewar ƙwayoyin zarra da ke kunna rana, a cikin kwalba, da ƙarfen faladiyom da ruwa mai nauyi (wani irin ruwa da sinadarin haidurojin ɗinsa ya fi na ruwan famfo nauyi), ba tare da zafin miliyoyin digiri ba. Manyan ɗakunan gwaji suka maimaita ba su ga komai ba, zuwa Nuwamba kwamitin ma'aikatar makamashin Amurka ya ce hujjar ba ta gamsar ba.

Wanda ba a cika tunawa ba shi ne labarin jami'ar Georgia Tech ta Amurka. Ranar 10 ga Afrilun shekarar masu bincike a can suka ce sun ga niyutron, wasu ƙananan ƙwayoyi na cikin zarra, shaidar da kowa ke jira kenan, don in haɗewar ta gaske ce dole niyutron su fito, da yawan da ko wat ɗaya na makamashi ake samarwa, wanda ya daɗe kusa ba zai kai labari ba. Jaridu suka ɗauka. Bayan 'yan kwanaki su da kansu suka janye, ashe zafi ne ke ruɗa na'urar ƙirgar tasu, da ta ɗumama sai ta hau ƙirga abin da babu. Ku duba fa, masana ne masu gaskiya, ba su da hajar sayarwa, amma awo ya yaudare su. Labarin an gani ya zaga duniya, na an janye kuwa bai yi nisa ba, kuma a nan nake ganin tushen rikicin yake har yau.

To ina ga mu da ake nuna wa tururi a waya? Ɗumama kilo ɗaya na ruwa daga digiri 20 zuwa 100 na cin makamashi kilojul kusan 335, mayar da shi tururi kuma 2,260. In tururin jiƙaƙƙe ne, ruwa ne kawai ke fita feshi-feshi, amma aka lissafa kamar duk ya ƙafe, kun ga lissafin makamashin da injin ya fitar zai iya kumbura har kusan ninki takwas alhali wutar soket ce kaɗai ta yi aikin. Shi ya sa ake son wani daban ya auna da kayansa, ya buɗe akwatin, ya kuma gwada da ruwan famfo maimakon ruwan da masu injin suka zuba a ga ko sakamakon zai sauya.

Google ma ta sa kusan dala miliyan 10 a binciken wannan haɗewar tun daga 2015, masu bincike wajen 30, a 2019 suka fitar a mujallar Nature cewa ba su samu shaidar komai ba.