Me ake nufi da kalmar sirri "mai ƙarfi"?

Duk wanda ya taɓa buɗe imel a shagon intanet a nan Yamai ya san ɗan layin nan da ke fitowa ƙarƙashin gurbin kalmar sirri, wadda mu muka fi kira kod. Da fari ja ne. Ka sa babban baƙi, ka ƙara lamba, ka liƙa wata alama a ƙarshe, sai ya koma kore, wai ta yi ƙarfi. Kwana uku kuma kai da kanka ka manta ta.

A wajen masu bincike, ƙarfi na nufin yawan cankar da ɓarawo zai yi kafin ya dace. Kuma ɓarawo ba da ka yake canka ba. A 2009 an sace kalmomin sirri kusan miliyan 32 na kamfanin RockYou a Amurka, aka tarar wadda ta fi yawa ita ce 123456. Daga irin wannan ganima ake gane halin mutane: babban baƙi a farko, shekara a tsakiya, alama a ƙarshe. Don haka Niamey2024! kore ce a allo, amma ga kwamfutar ɓarawo ƙofar zana ce.

Dokar cakuɗa baƙaƙe da alamomi ta samu gindin zama ne daga jagoran da Bill Burr ya rubuta wa NIST, hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, a 2003. A 2017 shi da bakinsa ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa ya yi nadama. A shekarar kuma hukumar ta janye shawarar cakuɗar, da kuma ta tilasta canza kod a kai a kai, ta karkata ga tsawo. Kalmomi huɗu da ba su da dangantaka, kamar kilishi, gada, tukunya, hazo, sun fi gajeren kod mai ƙyale-ƙyale wuyar canka, ga sauƙin riƙewa. Ban da karin magana dai, don kowa ya san ƙarshenta.

Tun 1999 masu bincike Anne Adams da Angela Sasse a Landan suka nuna cewa in aka tsaurara doka fiye da kima, mutane rubutawa suke yi su ajiye. Na gani da idona. Na raka gwaggona gyaran waya a kasuwar Katako, mai gyara ya ce, "Hajiya, kod ɗin fa?" Ta ɓalle rigar wayar, ga ƴar takarda a ninke: kod ɗin buɗe waya, har da na asusun kuɗi. Lambobi huɗu iri ɗaya ne duka, ta karanto su da ƙarfi a gaban mutum biyar.

Lambobi huɗu hanya 10,000 kacal ake iya jera su. Abin da ke kare su shi ne kullewa: katin SIM, misali, kuskure uku ya rufe. A hanyar gida na ce, "Gwaggo, ko na kuɗin ne a canza." Ta ce to, in dai ni zan riƙe mata shi.