Waiwaye: Jiran kotun filaye da kuɗin hayar gona a Ayilan

A tsibirin Ayilan, yamma da Birtaniya, yawancin manoman ƙarni na 19 gonar haya suke nomawa, mai ƙasa kuwa yana iya ƙara kuɗi ko ya kori mutum. Da amfanin gona ya lalace a 1879, Michael Davitt ya kafa ƙungiyar fafutukar manoma, Charles Stewart Parnell ya shugabance ta. Matsin lambarsu ne ya sa gwamnatin Gladstone, Firaministan Birtaniya da ke mulkin Ayilan a lokacin, ta yi dokar filaye ta 1881, wadda ta kafa hukuma mai ikon kotu. Manomi zai kai ƙara, a zo a duba gonarsa, a yanke masa haya ta adalci da ba za a taɓa ba har shekara 15.

Kotun na buɗewa a watan Oktoba, manoma suka yi mata ca. Ƙararraki suka taru jibgi, alhali ƙananan kwamitocin da ke zagaya ƙauyuka sai sun taka gona da ƙafarsu kafin su yanke hukunci. Ga kuma masu ƙasa da ke ɗaukaka ƙara.

A nan gizo ke saƙar. Sabon kuɗin ba ya fara aiki sai daga ranar biyan haya da ta biyo bayan hukunci. Wato wanda ya shigar da ƙara bana, aka saurare shi baɗi, tsohon kuɗi zai yi ta biya a tsakani, ba kuma mai mayar masa da rarar. Ragin da kotu ke yi kan kai kusan kashi 20 cikin ɗari, to ka ga duk watan da fayil ya kwana a ofis riba ce ga mai ƙasa. Ni a ganina wannan ɗan layi na dokar ya fi ƙarancin alƙalai cutar da manomi. Wanda bashin haya ya riga ya yi wa katutu ma kora ke jiransa tun kafin a kira sunansa, shi ya sa aka yi dokar sassauta basussuka a 1882.

Sai a 1887, bayan farashin amfanin gona ya sake faɗuwa, majalisa ta gyara: aka koma lissafi daga lokacin shigar da ƙara, aka kuma buɗe ƙofar kotun ga masu yarjejeniyar haya ta dogon zango, waɗanda dokar farko ta bari a waje.