Cutar Malassezia a jikin jarirai sabbin haihuwa

Malassezia wani nau'in yis ne da ke zaune a fatar ɗan Adam da ta dabbobi, yana cin maiƙon jiki. Shi ne ke kawo kyasbi, yana kuma da hannu a amosanin kai. Ga mai lafiya abin bai wuce fata ba. Ga bakwainin da ke kwance a kwalba kuwa, yakan shiga jini, kodayake hakan ba kasafai yake faruwa ba.

Tarihi

Wani likita Bajamushe, Eichstedt, ya hango ƙwayar a ɓawon fatar masu kyasbi a 1846. A 1889 aka raɗa mata sunan Louis-Charles Malassez, masani Bafaranshe. Shekaru aru-aru ana ɗaukarta ciwon fata kawai, sai wajen 1981 aka samu rahoton da ake ganin shi ne na farko kan Malassezia furfur, ɗaya daga cikin nau'o'inta, a jinin wani bakwaini da ake ciyarwa ta jijiya.

Akwai kuma Malassezia pachydermatis, wadda aka fara samu a fatar karkanda a 1925, aka kuma san ta da sa wa karnuka ciwon kunne. Tsakanin 1993 da 1995 an same ta a jikin jarirai 15 a sashen kula da jarirai na wani asibiti a jihar New Hampshire ta Amurka. Masu bincike sun gano irin ƙwayar a jikin karnukan da wasu ma'aikatan sashen ke kiwo a gida, abin da ya nuna a hannu ake kawo ta. Da aka tsaurara wanke hannu, cutar ta tsaya.

Yadda take kamawa

Jaririn da hanjinsa bai yi ƙwarin karɓar nono ba, akan zura masa siririyar roba a babbar jijiya ana ba shi abinci, ciki har da ruwan mai. Wannan man da ke raya jaririn shi ne abincin ƙwayar. Sai ta manne a jikin robar ta yi ta hayayyafa.

Alamomi

Zazzaɓi, ɗaukewar numfashi, raguwar bugun zuciya, da ƙarancin ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Duk sun yi kama da na sauran cututtukan jini.

Ganowa da magani

Furfur ba ta tsirowa sosai a gwajin jini na yau da kullum, sai an ɗiga man zaitun a kan farantin da ake rainonta. Shi ya sa ya kamata likita ya gaya wa ma'aikatan ɗakin gwaji abin da yake zargi, don kada sakamako ya fito babu komai alhali yaro na jin jiki. Ana cire robar, a dakatar da ruwan man, galibi a ba da wani magani mai suna amphotericin B. Magungunan echinocandin, da ake bayarwa don wasu nau'o'in yis, ba sa kashe ta. Masana sun saɓa kan tsawon lokacin da za a ɗauka ana ba da maganin.