Me ake nufi da "tsarin sihiri" a labaran almara?

Duk wanda ya saba karanta littattafan yaƙi ya san wannan takaicin. An ritsa jarumi a kogon matsafi, takobinsa ya karye, dokinsa ya faɗi, aljanu sun yi masa ƙawanya. Kai mai karatu zuciyarka na dukan uku-uku. Sai kawai marubuci ya tuno da wani zobe da kakar jarumin ta ba shi, wanda ba a taɓa jin labarinsa ba tun shafin farko. Ya murza, kowa ya zama toka. Daga nan labarin ya sire maka, don ka ji an raina maka hankali. Abin da ya yi ƙaranci a wurin shi ne abin da marubuta da masu sharhin irin waɗannan labarai suke kira tsarin sihiri.

Tsarin sihiri shi ne dokokin da marubuci ya gindaya wa ƙarfin da ya ƙirƙira a duniyar labarinsa. Daga ina ƙarfin yake zuwa, wa yake iya samunsa, ina iyakarsa, kuma me mai shi yake biya kafin ya more shi. Maganar fasahar ƙaga labari ake yi a nan, babu ruwanta da sihirin da malamai suke gargaɗi a kansa.

Wanda ya fi yaɗa wannan tunani a zamanin nan shi ne marubucin Amurka Brandon Sanderson. A wata maƙala da ya fitar a 2007 ya kawo ƙa'idar da ake jingina masa har yau: gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin labari, gwargwadon damar da marubuci yake da ita ta warware matsala da shi. Ya kuma raba sihirin labarai gida biyu, mai tauri da mai laushi. Mai laushi shi ne wanda aka bari a lulluɓe, ba a san iyakarsa ba, aikinsa ya sa mai karatu mamaki ko tsoro. Gandalf, tsohon mai sihiri a littafin The Lord of the Rings na marubucin Ingila Tolkien, misali ne, babu wanda zai iya lissafa maka abin da tsohon nan yake iyawa. Shi ya sa ma Tolkien bai bari sandarsa ta gama yaƙin ba, ƙananan mutane ne suka taka da ƙafa har dutsen da aka halaka mugun zoben da ake yaƙin a kansa.

Mai tauri kuwa a fili yake kamar dokar dara. A littafin Sanderson mai suna Mistborn, na 2006, masu baiwa suna haɗiye garin ƙarfe su "ƙona" shi a cikinsu, kowane iri da aikinsa. Kuza tana kaifafa ji da gani. Wani nau'in yana ba mutum ikon janyo duk abin da aka yi da ƙarfe, wani kuma ikon tura shi. Daɗin abin yana cikin wata 'yar ƙaramar doka ta nauyi: in ka tura kwabo, kwabon ne zai tashi kamar harsashi, amma in abin da ka tura ya fi ka nauyi, kai ne za ka yi baya. To mai wayo sai ya yar da kwabo ƙasa, ya tura shi, ƙasa ta tokare, shi kuma ya yi sama ya haye katanga. Mai karatu da ya riƙe dokar yana iya hango dabarar kafin jarumi ya yi ta, in kuma garin ƙarfen ya ƙare a ciki, ya san an shiga uku ba sai an faɗa masa ba.

Daga baya Sanderson ya ƙara da cewa iyakar ƙarfi ta fi ƙarfin kansa amfani ga labari. Wannan kam Bahaushe ba sai an koya masa ba, tun da can yake cewa kowane asiri da makarinsa. Dubi yadda mutanen dauri suke ba da labarin maita. Akwai ƙanƙara a cikin maye, ko ya gada ko ya saya. Kurwa yake kamawa, ba jiki ba. In an gano shi, a tilasta masa ya tsallake wanda ya kama, kurwar ta dawo. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, ga tushe, ga aiki, ga makari, cikakken tsari ke nan da mai ƙaga labari zai iya ɗorawa a kai.

Sai kuma ɓangaren da ya fi jan hankalina, wato ƙullin da ke tsakanin mai ƙarfi da abin da yake ba shi ƙarfin. A labarai da yawa ƙarfi ba a jinin jarumi yake ba, a hannun wata halitta yake, aljani ko dabba ko ruhi, kuma akwai sharaɗin da ya ɗaure su. Irin ƙullin shi ke yanke irin labarin da za a samu.

Aljanin fitilar Aladdin bawan fitila ne, ba bawan Aladdin ba. Duk wanda ta shiga hannunsa shi ne ubangida. Saboda haka barazanar da ke cikin labarin sata ce, kuma da dabarar musayar tsohuwar fitila da sabuwa aka raba shi da fadarsa da matarsa a yini ɗaya. Philip Pullman na Ingila, a jerin littattafan da ya fara a 1995, ya bi wata hanyar: kurwar kowane mutum tana yawo a gefensa da siffar dabba, tana sauya kama lokacin ƙuruciya, ta tsaya a siffa guda in ya balaga. Ba sa iya nisa da juna sai da azaba, kuma in ɗaya ya mutu ɗayan ya tafi. A duniya irin wannan mugu ba ya buƙatar takobi, ya raba yaro da dabbarsa kawai.

Wanda ya fi ƙayatar da ni shi ne ƙullin rantsuwa. A wani jerin na Sanderson da ya fara a 2010, ruhi ne yake zaɓar mutum, ƙarfinsa kuma yana ƙaruwa ne da alkawuran da ya ɗauka ya cika. Jarumin da ya rantse zai kare mutane, ranar da ya ba da goyon baya a kashe wanda yake gadi, ruhin ya dusashe, ƙarfin ya bar shi. A nan sihiri ya zama ma'aunin hali. Duk faɗan da za a yi, mai karatu yana kallon abu biyu: abokin gaba a waje, da zuciyar jarumi a ciki.

Akwai kuskuren da matasan marubuta suke yi, musamman masu bin labaran Sin da zanen Japan. Sai su jera matakan ƙarfi tara, kowane da suna mai ban tsoro, su ɗauka sun gina tsari. Matakai ma'auni ne kawai na wa ya fi wa. In ɗan mataki na uku ba shi da wata hanya ta kayar da ɗan mataki na shida sai ya ƙara hawa, to ƙidaya ake yi, ba labari ba. Yawan doka ma yana da tasa illar, wani littafin sai ka ji kamar darasin lissafi kake karantawa, al'ajabin ya tsere.

Zoben kakar nan da na fara da shi zai iya zama a labarin. A nuna shi tun a shafi na goma, tsohuwa na miƙa shi tana cewa sau uku kaɗai yake aiki, kuma duk murzawa ɗaya mai shi zai manta mutum guda da yake ƙauna. Jarumi ya riga ya murza sau biyu, ya wuce mahaifiyarsa a kasuwa bai gane ta ba. Yanzu ga shi a kogon matsafi, takobi a karye, matarsa na gida da tsohon ciki, yatsansa a kan zoben.