Shekarun ritayar ma'aikatan gwamnati a Kamaru

Shekarun ritaya su ne shekarun da doka ta yanke wa ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki, ko yana so ko ba ya so, ya koma karɓar fansho. A Kamaru, tun daga 1 ga Janairu 2021, ma'aikatan rukunin A da B suna ajiye aiki ne da shekara 60, na rukunin C da D kuma da shekara 55. Shugaba Paul Biya ne ya sa hannu a kan dokar ranar 30 ga Disamba 2020.

Rukunan nan huɗu sun samo asali ne daga irin aikin da mutum yake yi da kuma takardar karatun da aka ɗauke shi da ita. Rukunin A na masu tsarawa da shugabanci ne, B na masu aiwatar da abin da aka tsara, C da D kuwa na ƙananan ma'aikata masu aikin yau da kullum. Babbar dokar aikin gwamnati ta 7 ga Oktoba 1994 ta yanke wa A da B shekara 55, C da D shekara 50. Ke nan shekara biyar sabuwar dokar ta ƙara wa duk wanda ke ƙarƙashin waccan babbar dokar.

Kafin wannan gyara akwai bambanci mai ciwo tsakanin ma'aikata. Wasu sassa suna da dokarsu ta musamman: malaman makaranta na manyan rukunai sun daɗe suna kai wa 60, manyan malaman jami'a har 65. Sai ka ga mutum biyu sa'o'in juna, gida ɗaya suka tashi, ɗaya malamin sakandare a Garwa, ɗaya likita a asibitin gari, likitan ya tattara kayansa shekara biyar kafin ɗan'uwansa. Likitoci sun daɗe suna kokawa, kuma da gaskiyarsu, domin karatunsu mai tsawo ne, ba sa fara cin albashi da wuri. Su aka fara ji wa: a watan Yuli 2020, lokacin annobar korona, aka ɗaga na ma'aikatan lafiya zuwa 60 da 55. Wata shida bai cika ba aka haɗa kowa. A ranar 30 ga Disamban kuma Firayim Minista Joseph Dion Ngute ya fitar da irin wannan doka ga ma'aikatan gwamnati masu kwantiragi, waɗanda dokar ƙwadago ta shafa.

A jihohin arewa uku, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, ƙarin ya fi amfani ta fuskar ƙarancin ƙwararru. Asibitin da ke nesa da Marwa ko Ngaundere, idan ungozomarsa guda ta tafi, ba lallai a turo wata da wuri ba. Ga kuma nauyin gida. Magidancin da ya kai hamsin a nan galibi yana da 'ya'ya a makaranta, ga ƙanne da marayun dangi a wuyansa, fansho kuwa bai kai albashi ba. Shekara biyar na iya zama ita ce tazarar da ke tsakanin yaro ya gama jami'a ko ya dawo gida.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, shekarun da gwamnati take ƙirgawa na takardar haihuwa ne. Da yawa daga cikin dattawan ma'aikata na arewa ba a yi musu rajista ranar haihuwa ba. Sai da makaranta ta nemi takarda aka je kotu da shaidu, aka yi ƙiyasi, aka rubuta "né vers" da Faransanci, wato an haife shi wajajen shekara kaza. Wannan ƙiyasin shi ne zai yanke ranar ritayarsa, ko da an ɗora masa shekara biyu ko an rage.

Matasa kuwa ba duka suka yi murna ba. Kujerar da aka sa ran za ta zama fanko sai ta ƙara shekara biyar da mai ita, alhali jarrabawar shiga aikin gwamnati tana da iyakar shekaru, wanda ya wuce ta ya rasa. Wannan ƙorafi ba abin rainawa ba ne a yankin da jami'o'in Ngaundere da Marwa suke yaye ɗalibai kowace shekara, ga ta Garwa da aka ƙirƙiro a 2022.

Ranar ajiye aiki ba ita ce ranar fara karɓar fansho ba. Takardun ɗan ritaya sukan bi ta ma'aikatar kula da ma'aikata da ta kuɗi, kuma 'yan fansho sun sha kokawa da jinkiri. Dattijon da ke Kuseri ko Mokolo, idan fayil ɗinsa ya maƙale a Yawunde, sai ya hau mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa, sannan ya nemi ɗan'uwan da zai sauke shi har a sa hannu.